Amanar Maƙwabci A Ranar Tsoro

Ya ku 'yan'uwanmu masu koyon aikin malanta, da ku malamanmu, muna roƙo ku ba mu aron hankalinku kaɗan, don akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya. Maganar kuwa ita ce ta Kiristocin da ke zaune tare da mu a birnin Sakkwato, da yadda su ke riƙe da addininsu sa'ad da gari ya rikice, da kuma abin da ya wajaba a kanmu game da su. Mu masu wannan takarda Musulmi ne, allo muka fara riƙewa kafin mu san fensir. Ba muhawarar addini ta kawo mu ba, kowa ya san inda muka bambanta da su. Zancen zaman tare mu ke so mu yi, domin gobe mu za a danƙa wa 'ya'yan mutane.

Bari mu fara da abin da kowa ya sani, ko da ya ke ba kowa ke son a tuna ba. Ran Alhamis 12 ga watan Mayu 2022, a Kwalejin Horon Malamai ta Shehu Shagari da ke nan Sakkwato, taron matasa suka kashe wata ɗaliba Kirista mai suna Deborah Samuel, suka ƙone gawarta, bisa zargin ta yi ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cikin wani saƙon murya da ta aika wa 'yan ajinsu ta WhatsApp. Ran nan aka rufe kwalejin. Majalisar Sarkin Musulmi ta yi Allah wadai da kisan, ta nemi a gurfanar da waɗanda suka yi shi. 'Yan sanda suka kama mutum biyu. Ran Asabar 14 ga wata sai jama'a suka fito suna neman a sake su, abu ya zama tarzoma, aka farfasa tagogin babban cocin Katolika da ke Titin Bello, aka sa wa wani coci wuta a Gidan Dare, aka ɓarnata dukiyar mutane. Gwamnan lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya kafa dokar hana fita dare da rana a cikin birni.

To, ku duba halin da Kirista ya shiga a waɗannan kwanaki. Yana cikin ɗakin haya, ƙofa a kulle, 'ya'yansa na tambayarsa abin da ba shi da amsarsa. Garinsu na nesa, hanya kuwa ba ta biyuwa. In ya ji motsi a waje ba ya sanin ko mai sallama ne ko mai jifa. A cikin wannan hali ne shugaban Katolika na Sakkwato, Bishop Matthew Hassan Kukah, ya dakatar da taron sujada a cocinan birni har a ɗage dokar, ya roƙi mabiyansa su bi doka su yi ta addu'a. Tun ranar kisan ma ya faɗa a fili cewa Kiristoci sun daɗe suna zaune lafiya da maƙwabtansu Musulmi a Sakkwato, saboda haka a ɗauki abin da ya faru a kan laifi ne wanda shari'a za ta bi. Bai kira kowa zuwa ga ramuwa ba.

Wannan hali yana da tushe a cikin addininsu. Wanda ya zauna da su ya san ana koya musu tun suna ƙanana cewa Almasihu ya hore su da su yi wa maƙiyinsu addu'a, kada su rama mugunta da mugunta. Suna karanta Zabura ƙwarai a lokacin ƙunci, don cike ta ke da kukan mutumin da maƙiya suka kewaye, ya rasa mafaka sai Ubangijinsa. Suna kuma ba 'ya'yansu labarin almajiran da hadari ya rutsa da su cikin jirgi a tsakiyar ruwa, tsoro ya kama su, aka tsawata musu saboda ƙarancin bangaskiya. Lalle ba dukansu ke cika wannan horo ba, kamar yadda mu ma ba dukanmu ke cika namu ba. Amma mai adalci ba ya hana wa mutum abin da ya gani a wurinsa: mutanen nan sun ga tashin hankali, ranar Lahadi ta sake zagayowa bayan an buɗe gari, suka koma wuraren ibadarsu.

Ga inda mu ke so mu tsaya. Dogaro iri biyu ne. Akwai dogaron da bawa ke yi ga Mahaliccinsa, wannan tsakaninsa ne da Allah, ba mu da iko mu ƙara masa ko mu rage. Akwai kuma amincewar da mutum ke yi da maƙwabcinsa, har ya kwanta barci ya saki jiki don ya san wanda ke bayan katanga ba zai cuce shi ba. Wannan ta biyun a hannunmu ta ke, mu da muka fi yawa a garin nan, amana ce kuwa. Abin da mu ke tsoro shi ne mu riƙa yaba haƙurin Kirista muna cewa madalla da mai tawakkali, alhali kuwa yabon ya zame mana mayafin da za mu rufe namu sakaci. Ran da mutum ya wayi gari ba shi da sauran wanda zai amince da shi a unguwarsa sai Allah, to, imaninsa ya tsaya, amma maƙwabtansa sun faɗi.

Mu da muka yi karatun zaure mun san akwai ranar da Musulmi su ne 'yan kaɗan masu tsoro. A shekara ta biyar da aiko Manzon Allah, wajen 615 ke nan ta lissafin Turawa, azabar Ƙuraishawa ta tsananta, sai ya umurci waɗansu sahabbansa su ƙetare teku zuwa Habasha, ƙasar wani sarki Kirista, Najjashi, wanda aka shaide shi da adalci. Ƙuraishawa suka bi su da manzanni da kyautai, cikinsu har da Amru ɗan Asi, suna neman a mayar musu da mutanensu. Najjashi ya ƙi yanke hukunci sai ya ji ta bakin baƙin. Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi ya tashi ya yi bayani, ya karanta masa wani abu daga Suratu Maryam. Sarki ya mayar wa manzanni da kyautansu, ya bar Musulmi suka zauna ƙasarsa shekara da shekaru cikin aminci. Ashe kuwa akwai bashi a kanmu wanda ya girmi garin nan da kansa.

A nan gida ma muna da abin koyi. A 1824 Bature Kilafaton, wanda har aka sa wa wani titi sunansa a Sakkwato, ya iso wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Aka sauke shi a hannun Waziri Giɗaɗo. Bello ya zauna da shi, ya yi masa tambayoyi a kan ƙungiyoyin Kiristoci na dā, har baƙon ya ga zurfin ya fi ƙarfinsa. A zuwansa na biyu al'amura sun yi tsami saboda yaƙin da a ke yi da Barno, aka hana shi wucewa, amma ba wanda ya taɓa lafiyarsa, ciwo ne ya yi ajalinsa a 1827. Malaman da suka kafa garin nan sun san hukuncin amana sarai. Wanda ya karanta Risala ya san ko mafi ƙanƙantar Musulmi in ya ba baƙo aminci, amincin ya hau kan sauran jama'a. In haka ya ke ga wanda ya zo daga ƙasar da ba a sani ba, ina ga wanda muke ƙasa ɗaya da shi, mu ke sayen magani a shagonsa, matarsa ke karɓar haihuwar matanmu a asibiti?

Mun san wani zai ce, kun manta da girman laifin taɓa mutuncin Annabi? Ba mu manta ba, ba kuwa wanda zai fi mu jin zafin wannan. Amma duk littafin fiƙihun da muka ɗauka a gaban malamanmu, ga alƙali ya miƙa hukunci, shi ne mai kiran shaidu, ya ji ta bakin wanda a ke tuhuma, ya bincika ko maganar ta tabbata. Taro ba ya jin shaida, ba ya kuwa tambayar sunan wanda ya fara ihu. Ku tuna abin da ya faru a watan Yuni 2023 a mayankar Sakkwato, inda aka kashe wani mahauci da irin wannan zargi, shi kuwa Musulmi ne mai salla. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ranar da muka yarda ihu ya zama alƙali, duk wanda ke da abokin gaba a kasuwa ya shiga uku, kowane addini ya ke bi.

Wani kuma zai ce, ai namu ma ana kashe su a wuraren da Kiristoci suka fi yawa. Gaskiya ne, ba mu musa ba. A watan Agusta 2021 an tare matafiya Musulmi a hanyar Rukuba cikin Jos, aka kashe fiye da mutum 20. A watan Maris 2025 an kashe matafiya 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo. Waɗannan duka zalunci ne, jininsu kuwa yana neman hakki. Amma ku lura, abin da ya kashe su shi ne rashin wanda zai tsaya a gabansu ya ce wa mutanensa kul. Ɗan'uwanmu mai sayar da albasa a kudu yana kwana ne bisa amanar maƙwabcinsa Kirista, kamar yadda Kiristan Sakkwato ke kwana bisa tamu. Wanda ya karya ta a nan ya kwance wa nasa ƙofa a can. Mutum guda kuwa yana iya tsayawa. Ran 23 ga watan Yuni 2018, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa a Barikin Ladi ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya fita ya tari maharan yana dattijo, ba ko sanda a hannunsa, ya ƙi ba da su.

Yanzu sai mu juyo kanmu. Abin da ya fi ba mu kunya cikin al'amarin 2022 shi ne wurin da ya faru, watau gidan da a ke shirya malamai. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, mu ne kuwa masu tanƙwarawa. Yaron da ya ji malaminsa yana kiran ɗan ajinsu arne, ya sami izini ke nan. Wanda kuwa ya ga malam ya raba alli da bulala daidai tsakanin Musa da Bitrus, ya koyi adalci ba tare da an rubuta masa a allo ba. Ya kamata ko wane ɗayanmu ya koya wa yaransa abu uku: kada su yi wasa da abin da wani ke girmamawa, kada su ɗauki maganar da ba su ji da kunnensu ba su yi gaba da ita, in kuwa sun ji abin da ya ɓata musu rai su kai wa malam ko shugaban makaranta. Haka nan zaurukan waya da 'yan aji ke buɗewa, a sa musu ƙa'ida tun ran farko, a kuma sa mai hankali ya lura da su, gama wutar ran nan daga can ta tashi.

A unguwa ma haka. Mu mazauna Unguwar Rogo, da na sauran unguwanni, bai kamata mu jira sai gari ya ɗauki zafi sa'an nan mu nemi sanin wanda ke haya a gidan da ke kusa da namu ba. A san shi tun ana lafiya, a gaishe shi ran sunansa da ran makokinsa. In tsoro ya sauka, a ƙwanƙwasa masa ƙofa a faɗi suna, a tambaye shi ko akwai ruwa da abinci, a gaya masa gidan da zai shiga in abu ya ɓaci. Mai unguwa da liman su ja kunnen samari tun da sauran sanyi. Malamanmu sun karantar da mu cewa maƙwabci yana da hakkin maƙwabtaka ko da addini bai haɗa ku ba.

Ku kuma 'yan'uwanmu Kiristoci da mu ke zama aji ɗaya, mu ke cin tuwo a ɗaki ɗaya, muna roƙonku ku san girman Manzon Allah a zukatanmu, ku tsare harshe a kansa yadda ku ke so a tsare a kan abin da ku ke girmamawa. In kun ga alamar da ta tsorata ku, ku gaya mana tun da wuri, kada ku haɗiye. Bangaskiyarku taku ce, muna ganin yadda ta riƙe ku. Amincewarku da mu kuwa, mun san sai mun yi aiki za mu same ta, ba kuwa aikin rana ɗaya ba ne.

Allah ya zaunar da Sakkwato lafiya, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya sa mu zama malaman da iyaye za su sallama wa 'ya'yansu hankali kwance. Amin.