Makon Farko Ba Shi Ne Shaida Ba

Akawu da malamin makaranta ba su cika motsa jiki ba, shi ya sa tumbi ba ya yi musu wuyar samu. To, yanzu masu shirin rage ƙiba sun kai har Illela, bakin iyakarmu da Birnin Ƙonni. Mutum ya biya kuɗin wata, a ba shi ganyen shayi da takardar abin da zai ci, a riƙa ɗora shi bisa sikeli kowane mako.

Makon farko ya ga ya sauke kilo 2 ko 3, sai murna. To, a nan muke so a yi hattara. Likitoci sun bayyana cewa yawancin abin da ke fita da fari ruwa ne, ba kitse ba. In kuwa da filasko cikin shayin, zawo ne kurum ya tsotse shi. Shi kitse a hankali yake narkewa, rabin kilo zuwa kilo 1 a mako. Saboda haka wajen mako na uku sai sikeli ya cije, mai shiri kuwa ya ce sai an ƙara sayen wani magani. Haka albashi ke zurarewa.

Shawararmu ita ce, kada a sha abin da ba shi da lambar NAFDAC. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya fara ganin likita tukuna. Sa'an nan a rage malmalar tuwo da sukarin shayi, a riƙa takawa zuwa wurin aiki. Wannan ba ya cin ko kwabo. Sannu ba ta hana zuwa.