Malalar Mai: Idon da ke Gani Daga Sama

Ran 20 ga Disamba, 1911 Nijeriya ba ta fara fitar da man fetur don kasuwanci ba. Amma a rana irin wannan ta 1911 da shekara ɗari a kai, watau 20 ga Disamba, 2011, ɗanyen mai kimanin ganga 40,000 ya malala cikin teku daga rijiyar Bonga ta kamfanin Shell, kilomita 120 daga gaɓa. Washegari wani tauraron ɗan'adam na Turai mai suna Envisat ya ɗauko hotonsa da na'urar rada, aka ga baƙin tabo mai tsawon wajen kilomita 70 a kan ruwa.

Yadda abin yake shi ne, rada tana aika sigina ƙasa ta saurari dawowarta. Ruwa mai ƙananan igiyoyi yakan mayar da ita da ƙarfi. Mai kuwa yakan kwantar da igiyoyin, sai wurin ya fito baƙi. Ba ruwanta da dare ko hadari, abin da kyamara ba ta iyawa.

Amma fa tana ruɗewa. A tekun ƙanƙara na can ƙuryar arewacin duniya, sabuwar ƙanƙara ma takan kwantar da ruwa, har masana su sha wuyar bambanta ta da mai. A nan gida, lafawar iska da duhun itatuwan fadamun Neja Delta su ne masu ɓoye gaskiya.

To, ina ruwan ɗan Arewa da wannan? Mai sayar da busasshen kifi a Fatakwal ko Warri ya san amsa, domin in masunci ya dawo hannu rabbana, kasuwarsa ta mutu. Masuntan da suka kai ƙarar Bonga Ingila ba su sami komai ba: a Mayun 2023 Kotun Ƙoli ta ce sun makara. Kamfanin kuwa ya dage cewa mansa bai kai gaɓa ba. Wanda ya riƙe shaida da wuri shi ke da bakin magana.

Ga shi an kafa hukumar NOSDRA tun 2006 don gano malalar mai, amma taurarin duba ƙasa da Nijeriya ta harba a 2003 da 2011 duk kyamara gare su, ba rada ba.

Maganar ta matso gida. A Nuwamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin man Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe, yankin kogin Gongola, wanda ke shiga Binuwai a Numan. Mutumin Kwaja, can kan duwatsun Mubi, bai san teku ba, amma jiharsa ta Adamawa tana shan wannan ruwa.

Ya kamata wakilan Arewa a Majalisar Tarayya su matsa a samar wa hukumar hotunan rada a kai a kai, a kuma buɗe su ga jama'a, tun kafin bututu ya fashe.