Gemu Ba Ya Hana Ilmi, Ko Da Na Rawa Ne

Hausawa suna da karin magana guda biyu waɗanda in an gwama su sai a ga kamar suna karo da juna. Na farko ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, na biyu kuwa ya ce gemu ba ya hana ilmi. Babu fagen da ya fi dacewa a auna su kamar fagen rawa, musamman rawar nan ta Turawa da ake kira balet, wadda mata ke tsayawa a kan 'yan yatsun ƙafa kamar ba su da nauyi. Shin magidanci ko uwargida mai shekara arba'in, a ce a Digil, cikin Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa, zai iya fara koyonta yau? In kuwa ya fara, me zai samu?

Ita dai wannan rawa ta samo asali ne daga fadojin sarakunan Italiya a ƙarni na 15, daga can ta shiga Faransa. Sarki Luwi na 14 da kansa ya riƙa taka ta a gaban fadawansa har ya kai shekara talatin, kuma a 1661 ya kafa makarantar rawa ta sarauta a birnin Faris. Malaminsa, Pierre Beauchamp, shi ake dangantawa da tsara tsayuwar ƙafa guda biyar waɗanda har gobe da su kowane ɗalibi yake farawa, yaro ne ko babba.

Karin magana na farko yana da gaskiyarsa. Wanda yake son rawar ta zama sana'arsa tilas ya soma tun gaɓoɓinsa suna da laushi. Misty Copeland, wadda a 2015 ta zama baƙar mace ta farko da ta kai matsayin babbar 'yar rawa a ƙungiyar American Ballet Theatre ta Amurka, tana da shekara 13 ta fara, amma duk da haka aka ce ta makara. Saboda haka duk wanda ya yi wa ɗan shekara arba'in alkawarin zai mai da shi gwanin duniya, ya yi masa romon baka.

To, amma ba kowa ne ke koyon karatu don ya zama alƙali ba. A 2017 cibiyar Royal Academy of Dance ta Ingila ta buɗe wani shiri mai suna Silver Swans, musamman domin masu shekara 55 zuwa sama. A shekarar ce kuma Daniel Ajala, wanda ya koya wa kansa rawar ta hanyar kallon bidiyo a intanet, ya buɗe makarantar Leap of Dance a unguwar Ajangbadi ta birnin Ikko, yana koyarwa kyauta. Ɗalibinsa ne Anthony Madu, yaron da duniya ta gani a 2020 yana rawa cikin ruwan sama, wanda daga baya ya sami gurbi a makarantar Elmhurst da ke Birmingham. Da malamin ya ce lokaci ya wuce masa, da ba a ji labarin ɗalibin ba.

Ribar babba kuwa a jikinsa take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane baligi yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, sa'an nan masu shekara 65 zuwa sama su ƙara da atisayen da ke hana tangaɗi da faɗuwa, kwana uku a mako. Wani bincike da mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga a 2003, a kan tsofaffi 469 a birnin New York, ya nuna cewa masu yawan rawa ba su cika kamuwa da ruɗewar tsufa ba kamar sauran. Binciken bai ce rawa magani ba ce, amma dai ishara ce ga mai hankali. Ɗan kasuwar Mubi da ke wuni a zaune a rumfa, da ma'aikacin da babur ke kai shi ofis ya dawo da shi, da malamin da ya yi ritaya, duk maganar ta shafe su.

Sabon ɗalibi ba da tsalle yake farawa ba. Yakan dafa wata doguwar sanda da aka kafa a jikin bango, in babu ita bayan kujera ya isa. Zai koyi tsayuwa a miƙe, da lanƙwasa gwiwa a hankali ba tare da dunduniya ta bar ƙasa ba, da zura ƙafa gaba da gefe da baya. Buɗe ƙafafu waje daga ƙugu ake yinsa. Wanda ya tilasta shi daga gwiwa, gwiwar ce za ta biya bashi. Daɓen siminti ba wurin tsalle ba ne, domin ɗakunan rawa katako mai ɗan lilo ake shimfiɗa musu. Tsayuwa a kan 'yan yatsu kuwa, ko yara sai sun yi shekaru suna horo ake yarje musu. Mai hawan jini ko ciwon sukari ko ciwon gaɓoɓi, ya fara ganin likita. Sannu ba ta hana zuwa.

Babban abin da ke tare hanya dai shi ne kunya. A wurin mutane da yawa rawa ta yara ce da maroƙa, babban da ya taka kuwa girmansa ya faɗi. Akwai kuma masu ƙyamar matsattsun tufafi da cuɗanyar maza da mata, kuma ba za a ce ba su da hujja ba. Sai dai atisayen bai wajabta ko ɗaya ba. Mata suna iya yi a tsakaninsu a cikin gida da suturarsu ta mutunci, maza su yi nasu daban.

Wani darasi kuma ya fi rawar kanta muhimmanci. Abin da ya raya balet fiye da shekara ɗari uku shi ne tsari: kowane taku yana da suna, yana da farko da na biye, har baƙo ya iya koyo daki-daki. Ƙasar Mubi, inda Fali da Gude da Njanyi da Margi da Higi da Fulani ke zaune tare, cike take da raye-raye, amma galibi da ido ake ɗaukarsu a dandali. Wanda ya tashi a makarantar kwana ko a wani gari, in ya dawo gida da gemunsa, da wuya ya sami mai koya masa. A Senegal, Germaine Acogny, wadda ta shugabanci makarantar Mudra Afrique a Dakar daga 1977, ta tsara raye-rayen Afirka darasi-darasi, har mutane suna zuwa daga ƙasashen waje don su koya. A Kano ma, 'yan wasan gwamnatin jiha sun haɗa rawar Koroso a shekarun 1970, ga shi yau ta zama tambarin garin.

Ya kamata Majalisar Masarautar Mubi, da Jami'ar Jihar Adamawa, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke garin su dubi wannan al'amari. A nemo tsofaffin gwanaye tun suna da rai, a ɗauki takunsu a bidiyo, a rubuta sunayensa, a buɗe aji na yamma domin manya. Shi kuma babban da ke sha'awa, balet ce ko rawar kakanninsa, ya sani cewa iccen da ya bushe ne ba ya tanƙwaruwa, mai rai kuwa yana da sauran ɗanyantaka. Allah Ya ba da lafiya da zama lafiya, amin.