Masu gyaran kwamfuta na Zogbo, a tsai da magana kan Linux guda

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 da kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa daga Windows 10, masu tsofaffin kwamfutoci 'yan gwanjo suka shiga tsaka mai wuya, domin da yawansu ba za su ɗauki Windows 11 ba. Masu gyara a nan Zogbo, Kwatano, sun fara komawa Linux, wanda kyauta ne, kuma na yaba. Abin da ya dame ni shi ne kowane shago da irin nasa. Wannan ya ce Ubuntu, wancan ya ce Fedora, mai kwamfuta kuwa ko oho.

Kwanan baya wani ɗan kasuwa mai sari a Dantokpa ya kai tasa gyara. Yaron shago ya tarar da Ubuntu, shi kuma Fedora ya iya, sai ya share komai ya ɗora nasa. Lissafin bashin shekara biyu ya tafi ke nan. Wa zai biya?

A gaskiya dukkansu gida ɗaya ne, fasalin ɗakuna ne ya ɗan bambanta. Akwai ƙa'idar da ake kira FHS, wadda bugunta na 3.0 ya fito a 2015, ita ta raba wa kowane abu mazauni: saituna a /etc, manhajoji a /usr, bayanan da ke sauyawa kullum a /var, kayan mai kwamfuta kuma a /home. Wanda ya san waɗannan huɗun ba zai ɓata ba.

Sai dai bambancin, ko da ƙarami ne, yana cin lokaci. Ka soka filas a tsofaffin fitowar Ubuntu, za ka same shi a /media, a Fedora kuwa sai ka leƙa /run/media. Saitunan Apache suna /etc/apache2 a Debian da Ubuntu, a Fedora kuma /etc/httpd. Dangin Debian suna saka manhaja da apt, Fedora da dnf, kuma ƙunshin wannan ba ya shiga wancan. Ga kuma namu na bakin iyaka: kwamfutar da aka saita da Faransanci tana da Bureau da Téléchargements, wadda ta fito daga Legas kuma Desktop da Downloads. Yaro ya bi umarnin da ya gani a intanet, ya ce fayil ya ɓata, alhali yana nan daram.

Ra'ayina shi ne mu tsaya kan dangin Debian. Ba don Fedora ba shi da kyau ba, a'a, amma duk wata shida yake fitar da sabo, kowanne kuma tallafinsa kamar wata 13 ne. Wa ke da kuɗin data na wannan hidima? Ubuntu mai dogon zango yana fita duk shekara biyu, da tallafin shekara biyar. Debian yana nan tun 1993, a kansa aka gina Ubuntu a 2004, haka ma Emmabuntüs na yanzu, wanda 'yan sa-kai a Faransa suka tsara don farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci, har an kai shi makarantu a maƙwabciyarmu Togo.

Don haka ina roƙon iyayen gidan shaguna abu uku. Ku haɗu ku zaɓi dangi guda, yadda kwamfuta za ta fita daga wannan shago ta shiga wancan ba a sake ta daga tushe ba. Ku riƙa ware wa /home ɓangarensa daban a ma'ajiya, don ko an sake tsarin, kayan mutane su tsira. Sannan kada yaro ya taɓa kwamfutar kowa sai ya kwafe /home a gefe, mai ita yana kallo.

Fayil ɗin mutum amana ce a hannun mai gyara. A koya wa yara inda take zama kafin a koya musu sharewa.