Wa Zai Auna Mana Gubar Da Ido Ba Ya Gani?

'Yan'uwa matasa, ranar 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya. Ba ta gwada shi a Faris ba! A 1961 Nijeriya ta yanke hulɗa da ita saboda waɗannan gwaje-gwaje. Sannan a 1971 aka fara haƙar yuraniyom a Arlit ta Nijar, ana kwashewa zuwa Faransa, ana bar wa talakawa tulin dusarsa.

Wannan guba ba ta da wari, ba ta da launi. Ƙwayar zarrarta ce ke rugujewa da kanta, tana fitar da tururi mai illa ga jiki. Sinadarin siziyom-137 da bam ke bari sai ya shekara 30 kafin rabinsa ya ruguje, bayan shekara 60 kuma kashi ɗaya cikin huɗu na nan. Na'ura da lissafi kaɗai ke gano wannan. Wanda bai iya awo ba kuwa, duk abin da mai gubar ya faɗa masa shi zai karɓa.

To, ina uzurinmu? A 2004 aka kunna ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a nan Wudil, a ƙofar gidanmu. Amma da an ce fizik sai mu sulale daga aji.

Ɗan'uwa, koma ka rungumi lissafi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wassalam.