Kamfanonin Sadarwa: Ba Gasa Sai Mai Saye Ya Iya Sauya Sheƙa

Tun daga watan Janairun 2025, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da abin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba, ba a raba ƴan kasuwa da gunaguni. A watan Maris na shekarar kuma kamfanin MultiChoice, mai DStv da GOtv, ya ƙara kuɗin kallo na wata, har Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta nemi ya dakata, magana ta kai gaban kotu. Amsar da akan ba mai ƙorafi ita ce, kasuwa a buɗe take, wanda bai gamsu ba ya koma wani kamfani. Ra'ayina shi ne wannan amsa ba ta cika ba, domin ba a auna gasa da yawan kamfanonin da ke cikin kasuwa, ana auna ta ne da sauƙin da mai saye zai samu idan ya yi niyyar barin wannan ya koma wancan.

Ya kamata a fara da yabon abin da aka samu. Waɗanda suka yi kasuwanci a zamanin NITEL, wanda aka kafa a 1985, sun san cewa layukan da ke aiki a duk faɗin ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba, kuma mutum kan yi watanni ko shekaru yana jiran a ja masa waya. A wancan lokaci ba a zancen sauya kamfani, domin kamfanin ɗaya ne tilo. Da aka yi gwanjon lasisin wayar salula a watan Janairun 2001 a kan dala miliyan 285 kowane, MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta, ana sayar da layi a kan dubban nairori, ana kuma cajin naira 50 a minti ɗaya ko da mutum ya yi magana ta daƙiƙa biyar. An yi ta cewa caji da daƙiƙa ba zai yiwu nan kusa ba, sai ga Globacom ya shigo da shi a 2003, cikin ɗan lokaci kuma sauran suka bi sahu. Wannan shi ne babban darasin da tarihin sadarwa ya koya mana: abin da koke-koke suka kasa samowa, tsoron rasa masu hulɗa ya samo shi nan da nan.

To, amma tsoron nan ba ya kama kamfani sai ya tabbata cewa mutane za su iya tafiya. Masana tattalin arziki suna kiran abin da ke hana tafiyar da suna tsadar ƙaura, wato duk wata asara ta kuɗi ko lokaci ko ciniki da mutum zai yi saboda kawai ya sauya mai yi masa hidima. Idan tsadar ƙaura ta fi ƙarin kuɗin da aka yi masa, mai hankali zai zauna ya biya yana gunaguni, kamfani kuma ya san da haka tun kafin ya sanar da ƙarin.

A ɓangaren waya, babbar tsadar ita ce lamba. Ɗan kasuwar da ke sauke tumatur da albasa a Mile 12 ta Legas, ko mai sayar da goro a Sabon Ibadan, lambarsa ita ce adireshinsa. Ita direbobi suka sani, ita ke rubuce a jikin shago da takardar shaidar biya, ta nan saƙon banki ke shigowa, da ita kuma aka buɗe WhatsApp ɗin da ake aiko hoton kaya. Domin magance wannan ne NCC ta ƙaddamar da tsarin ƙaura da lamba a watan Afrilun 2013. Mutum zai je ofishin kamfanin da yake son komawa da katin shaidarsa, ya cika takarda, ya aika kalmar PORT zuwa 3232, a ba shi sabon kati mai ɗauke da tsohuwar lambarsa, ba tare da ya biya kuɗin ƙaura ba. Tsari ne mai kyau, amma alƙaluman da hukumar ke fitarwa sun nuna cewa masu amfani da shi ƴan dubbai ne a wata, a ƙasar da layuka masu aiki suka haura miliyan 150.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Sai mutum ya rufe shago ya je ya bi layi da kansa. Kuɗin kati da datar da suka rage a tsohon layi ba sa binsa. Akwai wa'adin da zai jira kafin ya sake ƙaura idan sabon wurin bai yi masa ba, wanda da farko aka sa kwana 90. Tun daga ƙarshen 2020 kuma da aka wajabta haɗa layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, bambancin harafi ɗaya a rubutun suna ya isa ya tsayar da aikin. Na taɓa shafe yini biyu a ofishin wani kamfani a kan hakan, domin an rubuta sunana da harafi biyu a wannan rajista, da harafi ɗaya a waccan. Saboda haka jama'a suka nemo wa kansu mafita, suka riƙa ɗaukar waya mai layi biyu ko wayoyi biyu. Wannan dabara ta rage wahalar yankewar sadarwa, amma ba ta hukunta kamfani mai sakaci, tunda layinsa na nan a aljihu ana sa masa kati.

A ɓangaren talabijin, ƙofar ta fi ƙunci. Dikodar wani kamfani ba ta kama tashoshin wani, saboda haka mai ƙaura sai ya sayi sabuwa, ya biya mai haɗawa, tsohuwar kuma ta zama kayan ajiya. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne haƙƙin nuna wasanni. Mai gidan kallon ƙwallo ko mai otal ba akwatin yake saye ba, gasar Firimiya ta Ingila yake saye, kuma duk inda take can zai bi ta. StarTimes, wanda ya fara aiki tare da NTA a 2010, ya sauƙaƙa wa gidaje da yawa, amma bai zama madadi ga mai wannan sana'a ba. An ga yadda kamfanin HiTV ya karɓe haƙƙin gasar a 2007, mutane suka sayi akwatunansa, sannan ya rasa haƙƙin ya durƙushe a 2011, ya bar su da na'urorin da ba su da amfani. Wanda ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago sau ɗaya, da wuya ya sake saurin sauya sheƙa.

Intanet na gida da ofis ma haka abin yake. Yawancin na'urorin rarraba intanet da kamfanoni ke sayarwa a kulle suke, ba sa karɓar katin wani kamfani. Wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa kuwa, wadda ta fi sauri da dogaro, ba ta wuce wasu unguwanni na manyan birane ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne kuɗin da jihohi ke karɓa kafin a haƙa hanya a shimfiɗa ta. An amince a kan naira 145 kowace mita, amma jihohi da dama sun riƙa karɓar dubbai, har sai a 2020 da Ekiti ta sauko zuwa adadin da aka amince, Kaduna kuma ta yafe shi baki ɗaya. Starlink ya shigo Nijeriya a watan Janairun 2023 da intanet ta tauraron ɗan'adam, ya kai sadarwa inda waya ba ta kai ba, amma kuɗin na'urarsa na dubban ɗaruruwan nairori shi kansa wata sabuwar tsadar ƙaura ce.

Ba za a musa cewa kamfanonin suna da hujja ba. Kayan aikinsu da dala ake shigo da su, haƙƙin wasanni da dala ake biya, turakun sadarwa da dizal suke aiki, darajar naira kuma ta faɗi warwas tun daga tsakiyar 2023. Ban yarda da masu neman gwamnati ta ƙayyade farashi ba, domin mun gwada hakan a kan kayan masarufi a shekarun 1980, abin da ya biyo baya shi ne ƙarancin kaya da kasuwar bayan fage. Aikin hukuma shi ne faɗaɗa ƙofar fita. A bar mutum ya yi ƙaura da lambarsa daga wayarsa, tunda an riga an ɗauki hoton yatsunsa. A mayar masa da ragowar kuɗinsa ko a bi shi da shi. A wajabta buɗe na'urar rarraba intanet bayan wani wa'adi. A tilasta wa mai riƙe da haƙƙin manyan wasanni ya sayar wa abokan gasarsa bisa farashin da ya dace. A kuma riƙa buga sakamakon ingancin kowane kamfani gari-gari, a harsunan da ƴan kasuwa ke karantawa.

Kafin wannan ya samu, ɗan kasuwa ya yi lissafinsa kamar yadda yake yi wa kowane kaya. Misali, idan sabon kamfani zai rage masa naira 3,000 a wata amma na'urarsa ta kai naira 45,000, sai bayan wata 15 zai fara ganin riba, kuma garaɓasar watannin farko ba ita ce farashi ba, araha kuwa ba ta ado. Ya gwada sabon layi a cikin shagonsa da ɗakin ajiyarsa da hanyar da motocinsa ke bi kafin ya saki tsohon. Ya tabbata lambar kasuwanci da sunansa aka yi mata rajista, ba da sunan yaron shago ba. Ya guji biyan kuɗin shekara gaba ɗaya ga kamfanin da bai jarraba ba. Ya kuma riƙe hanya ta biyu daga wani kamfani daban, domin waɗanda cinikinsu ya tsaya a ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, sun san abin da yini ɗaya ba intanet ke ci. Idan kamfani ya ƙi sauraron kokensa, lambar 622 ta NCC kyauta ake kiranta.

Kamfanin da ya san mai hulɗa da shi zai iya tafiya gobe da safe, shi ne zai gyara turakunsa ya kuma yi tunani sau biyu kafin ya ƙara kuɗi. Saboda haka ƙungiyoyin ƴan kasuwa, idan sun zauna da hukumomi, su sa zancen sauƙaƙa ƙaura a gaban zancen rage farashi.