Faifai da Ɗankwali: Ina Yaro Zai Fara Koyon Siffofi?

A shagunan littattafai na kasuwar Sabon Gari, da wajen masu kasa kaya a bakin titin Samaru, ana sayar da wata faffaɗar takarda mai launuka wadda aka jera wa siffofin lissafi, kowace da sunanta na Turanci a ƙasa. Iyaye kan saya su manna a bangon ɗaki, yaro ɗan shekara huɗu ya riƙa rera sunayen kamar waƙa, a yi ta murna an samu ɗan boko. Matsalar ita ce abin da yaron ya riƙe suna ne da hoto guda. Idan aka zana masa alwatika aka kifa ta, tsininta ya dubi ƙasa, sau da yawa zai ce ba ita ba ce. Idan aka karkata murabba'i ya tsaya a kan kusurwarsa, sai ya ba shi wani suna dabam.

Wannan ba laifin yaron ba ne. Tun a 1957 wasu malaman lissafi biyu na ƙasar Holan, Pierre van Hiele da matarsa Dina, suka bayyana cewa mai koyo yakan fara gane siffa ta kamanninta ne kawai, sai daga baya ya lura da abin da ya sa ta zama ita: yawan gefunanta, da kusurwoyinta, da yadda suke da juna. Sun kuma nuna cewa ba shekaru ke ɗaga yaro daga matakin farko zuwa na biyu ba. Abin da aka sa shi ya taɓa, da maganar da aka yi da shi a kai, su ke ɗaga shi. To, idan magana ce tsanin, da wane harshe za a yi ta? Uwar da ke Hayin Dogo ko Muciya za ta iya maimaita wa ɗanta sunan Turanci, amma tambayar "me ya sa?" da amsarta sai da Hausa.

Kuma gidan Bahaushe ba matalaucin siffofi ba ne. Faifai da murfin tukunya da bakin ƙwarya duk da'ira ce, tabarma da ƙofa mustaɗili, gwangwanin madara da mazurari da dunƙulen sukari mai iyali kuwa kowane da irin jikinsa. Ɗankwali mai gefe huɗu daidai wa daida ya fi takardar bango amfani nesa ba kusa ba, domin yana naɗuwa. A ninka shi daga kusurwa zuwa kusurwa, ga alwatika; a sake ninkawa, ga wata ƙarama; a warware, murabba'i ya dawo. Yarinyar da ta yi wannan da hannunta ta ga cewa alwatika biyu na iya haɗuwa su ba da murabba'i, kuma ta ga alwatikar ta juya ta kowace fuska ba ta daina zama alwatika ba. Haka akuyar da aka ɗaure a turke: ta cinye ciyawa iyakar tsawon igiyarta, ta bar fili kewayayye. Ma'anar da'ira ke nan cif, turke a tsakiya, nisa ɗaya ta ko'ina, kuma da turke da igiya magina ke shata harsashin zagayayyen ɗaki.

Harshen kansa yana da wata baiwa da ba a cika kula da ita ba. Hausa takan ce faifai kewayayye ne, curin fura kuwa mulmulalle, alhali a Turancin yau da kullum kalma ɗaya ke ɗaukar duka biyun. Bambancin shimfiɗaɗɗiyar siffa da mai jiki, wanda malamin firamare ke fama ya cusa, yana nan a bakin mai dama fura.

Sai dai kada a yi wa al'ada kirarin da ya wuce kima. Faifai ba ya koyar da komai don kansa. Yara sun yi shekaru aru-aru suna ganinsa. Tambaya ce ke mayar da shi darasi: me ya sa murfin tukunya ke gangarawa, tabarma ba ta yi? Kusurwa nawa ƙofa take da su, faifai fa? Kafintan da ya auna ƙyaure daga lungu zuwa lungu ta ɓangarori biyu don ya tabbatar bai karkace ba, yana aiki da ƙa'idar lissafi, amma yaron da ke tsaye kusa da shi ba zai sani ba sai an ce masa ya riƙe igiyar, an tambaye shi abin da ya gani.

A nan ne nauyi ya hau kan masana Hausa. Da'ira da murabba'i da mustaɗili aro ne daga Larabci, sun zauna a littafi, amma biyun ƙarshe ba su zauna sosai a tsakar gida ba. Ga ɗan shekara huɗu, "mai kusurwa uku" da "mai kusurwa huɗu" sun fi dacewa a matakin farko, domin sunan yana ɗauke da bayaninsa, yaro na iya ƙirgawa da yatsa ya gaskata. Alwatika da murabba'i su biyo baya, na Turanci kuma ya zo a na uku, ya tarar da wurin zama. Masu tsoron cewa Hausa za ta jinkirta yaro su tuna gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara darussan firamare, har da lissafi, da Yarabanci tsawon shekara shida, ba su kuma gaza takwarorinsu ba, har a Turancin. Batun ya fi tsanani a Sabon Gari, inda yara masu harsuna daban-daban ke haɗuwa a layi ɗaya, Hausa ce kuma takan haɗa su wajen wasa.

Zariya ba baƙuwar wannan ilimi ba ce. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na birni a shekarun 1830, da bakuna da tulluwa waɗanda masana gine-gine ke nazari har yau, kuma da Hausa ya umarci maginansa. A Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da Sashen Harsuna da Al'adun Afirka, da Sashen Lissafi, da Cibiyar Ilimi, duk a harabar guda. Daga cikin malamanta ne Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi da ya fito a 1990. An yi wa ɗalibin jami'a wannan hidima. Abin da ake bukata yanzu ya fi shi ƙanƙanta: kalmomi kamar ashirin da aka amince da su, da tambayoyin da za a yi da faifai da ɗankwali da igiya, a ɗan littafi mai araha ko saƙon murya da uwa za ta saurara a waya, ko da ba ta iya karatun boko ba.